Ƙofa Shida, Rufi Guda

A duk kalmomin Hausa ban san wadda ta kai ƙaramar "a" iya ɓoye mutum ba. A gyara. An faɗa. Za a zo. Wasu masu nahawu suna kiranta mutum na huɗu, wato bayan ni da kai da shi, sai wani can wanda ba a ambaci sunansa ba. A aji minti goma ya isa a gama da ita: a jera a allo, an, aka, ana, ake, za a, akan, kowa ya kwafa, a wuce gaba. To amma wanda ya taɓa zaman gidan haya da damina ya san wannan mutum na huɗu farin sani. Shi ne zai kira kafinta, shi ne zai sayo ƙusa, shi ne zai hau sama ya duba. Shekara uku muna jiransa a gidanmu.

Gidan yana unguwar Zariya, ta Maradi. A Yamai in na ce daga Zariya nake, sai wani ya tambaye ni yadda aka yi ƴar Najeriya ta zo karatu nan, sai na tsaya bayani. Tsohon birnin Maradi a fadama yake, bakin gulbi. A 1945 ruwa ya ci shi, Turawan Faransa suka maido gari bisa tudu, suka yanka shi kare-kare da tituna miƙaƙƙu. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Ƴandaka su ne zuciyar gari, kusa da fada. Irin tamu daga baya suka zo, da gari ya cika ya tumbatsa, kuɗin gyaɗa da na kasuwancin iyaka suka shigo, masu hali suka gane cewa ɗakin haya jari ne da ba ya mutuwa kamar saniya. Shi ya sa unguwarmu cike take da wani irin gini da kowa ya sani: doguwar jera ta ɗakuna, ƙofofi na kallon tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya ko biyu a ƙurya, fanfo ɗaya, sannan rufin kwano guda ya bi ta kansu duka tun daga wannan bango har wancan. Mu tol muke ce wa kwanon, kalmar Faransanci ce da ta zama tamu, kamar yadda muke cewa siman da maso inda Bakano zai ce siminti da birkila.

Namu ƙofa shida ne. Ta farko ta wani malamin lakwal ce, kowa Mushe yake ce mishi, har matarsa. Ta biyu tamu, ɗaki da falo, Mama da ƙannena uku, da ni in na zo hutu. Sai tela da iyalinsa, sai wasu samari biyu ƴan kabu-kabu da suka haɗa kuɗi suka kama antire-kushe, sai wata ma'aikaciyar asibiti, sai wani tsoho da ya yi gadi har ya gaji. Bangon tubalin ƙasa ne aka shafe da siman, irin ginin da daga nesa sai ka rantse na bulo ne.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Karin maganar nan ɗakin jinka ta sani, inda mutum ɗaya yake ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma inda ruwa ya shiga nan yake sauka. A gidan jera ba haka abin yake ba. Bangon da ya raba ɗaki da ɗaki bai kai har tol ba, a silin ya tsaya. Sama da silin fili ne guda, na ɓeraye da jemagu, kuma katakon da aka kafa tol a kai ya bi tsawon gidan gaba ɗaya. Ruwa sai ya shiga ta ramin ƙusa a kan ɗakin wani, ya kama katako, ya bi shi a hankali zuwa inda gini ya ɗan sunkuya, ya ƙetare iyaka ba tare da sallama ba, ya sauko a kan gadon wani. Mai ɗaki ya san inda yake mishi ɗiga, wannan gaskiya ne. Inda ruwan ya shigo kuwa, sau da yawa bisa kan wanda yake barci lafiya lau ne.

Haka ta faru da mu. A 2022 Mushe ya sa aka kafa mishi kwandon Canal+ a bisa rufi, saboda ƙwallo. Yaron da ya yi aikin ya huda tol wuri huɗu, ya taka wasu wuraren suka lotsa. Ɗakin Mushe bai taɓa ganin ɗigo ba. Namu kuwa daga ruwan farko silin ya fara zane kamar taswira, daga baya ya kumbura, ya yi ciki. Akwai kuma wata ƙofar ruwa ta biyu da ba laifin kowa a cikin gidan ba: a baya, inda tol ya shige cikin rawanin bango, siman ya tsage, kuma ganyen dogon yaron maƙwabta da ƙurar hunturu suna taruwa su toshe indararo. In an yi ruwa mai ƙarfi sai ya taru, ya rasa hanya, ya koma ta tsagar. Wannan shi ya fi ba ni tsoro, domin ba silin yake jiƙawa ba, cikin bango yake shiga, tsakanin shafen siman da ƙasa, inda ido ba ya gani.

Mama ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi. Jarinta buhunan gyaɗa ne da take saye da kaka ta jera a falo, kuma gyaɗa in ta sha ruwa ta yi fumfuna, shi ke nan, ko akuya ba a so a ba. Saboda haka abin da wasu a gidan suke gani ɗan yoyo ne, a wurinmu kuɗin makarantar ƙannena ne.

Da yake abin da nake karanta ke nan, sai na fara rubuta maganganun mutane yadda suka fito daga bakinsu, a bayan littafin da nake aikin gida. Ga kaɗan daga ciki.

Mushe, da Mama ta same shi: "Wallahi Hajiya, tol ɗin ga ya tsuhwa. Ya kamata a gyara shi baki ɗai."

Wakilin masu gida, da na je da kaina: "Ɗiyata, ki yi haƙuri, an hwaɗa musu. Za a duba."

Tela: "Ai wanga rufi ba ya gyaruwa."

Ɗaya daga cikin samarin: "Mu dai namu lahiya lau."

Duba yadda kowace jimla ta nemo hanyar kauce wa mai aiki. A bakin Mushe tol ne ya yi abu, ya tsufa, kamar yadda mutum yake tsufa ba da laifin kowa ba. Ramuka huɗun nan ba su samu shiga jimlar ba. Wakili ya jera mutum na huɗu sau biyu a numfashi ɗaya, kuma shi ne fa wanda ya kamata ya faɗa, shi ne wanda ya kamata ya duba. Tela ya ɗauko aikatau mai ƙarewa da "u", wanda a tsarin Parsons ake kira giredi na 7: gyaru, rufu, ɗinku. Wannan siga tana magana ne a kan ko abu zai yiwu, ta cire mai yi daga lissafi gaba ɗaya. In rufi ba ya gyaruwa, to babu wanda ya ƙi gyarawa. Saurayin kuwa da "namu" ya yi aiki, ya yanka rufin gida shida, ya ɗauki yankinsa. Abin da ya ba ni dariya, duk ranar da aka ɗauke ruwan fanfo, "fanfonmu" yake cewa, yana nufin na gida duka. Wakilin suna ɗaya ne, yana faɗi yana ƙanƙancewa gwargwadon inda asara ta dosa.

Ba na cewa mutanen nan mugaye ne. Matar Mushe ita ta kwana da Mama a asibiti lokacin da ƙanena ya yi zazzaɓi mai tsanani. Tela bai taɓa karɓar kuɗin gyaran rigunan lakwal na yaranmu ba. Wannan ma yana cikin abin da ya sa maganar ta yi wuya. Yaya za ka dubi mutumin da kuke musayar tuwo ka ce mishi, kai ka huda, kai za ka biya? Kunya da kara suna da nahawunsu, kuma "a gyara" ita ce jimlar da ta fi dacewa da su. Ni kaina ban ga laifin sigar ba: da ita muke roƙo cikin ladabi, da ita yaro yake ce wa babba "a sauka lafiya". Matsalar tana zuwa ne in kowa a gida ya yi ladabi lokaci guda.

Sannan ga masu gidan. Alhajin da ya gina shi ya rasu tun ina firamare, kuma ba a raba gado ba har yau. Magada sun fi goma, wani a Yamai, wani a Kano, wata tana aure a Agadas. Kuɗin haya wakili yake tarawa ya raba musu, kuma kowane wata kowa ya san abin da zai shigo mishi. In aka ce a cire kuɗin tol, sai an samu yardar kowa, kuma a cikin mutum goma ba a rasa wanda zai ce shi bai ga dalilin zuba kuɗi a gidan da za a sayar ba. Ka ga su ma rufi guda ne a kansu, ƙofofi ne suka fi namu yawa.

Na tambayi wani abokin karatuna da yake sashen shari'a abin da doka ta ce, ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Dokar zaman jama'a da Nijar take aiki da ita ta samo asali ne daga kundin Faransa na 1804, kuma a can maganar ba ta da duhu. Aya ta 1720 ta ɗora wa mai gida duk gyaran da ya zama dole, ban da ƴan ƙananan da aka sani na ɗan haya ne, irin su makulli da gilashin taga da shafen ƙasan bango. Ko su ɗin ma, in tsufa ne ya lalata su, ba ɗan haya zai biya ba. Abin da ɗan haya ya ɓata da hannunsa kuwa yana wuyansa. Wata aya, ta 681, ta hana mutum karkata rufinsa yadda ruwan sama zai zuba a filin maƙwabci. Har gidan da mutane daban-daban suka mallaki hawa-hawa an yi wa tanadi: manyan bangaye da rufi na kowa ne, kowa ya biya gwargwadon darajar rabonsa. Faransa ta sauya wannan a 1938, sannan a 1965 ta yi dokar da ta tilasta wa irin waɗannan gidaje samun mutum guda mai kula da kayan tarayya, a san shi da suna, a tara kuɗi a hannunsa. Wato su ma sun sha fama da mutum na huɗu, har sai da suka yi mishi ofis.

Kawuna kuwa, da yake almajiri ne, ta wani wuri ya ɓullo. Ya ce ai Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta yi maganar gida mai sama da ƙasa: gyaran ƙasa da itacen rufinsa na mai ƙasa ne, in ya ƙi a tilasta mishi ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara, domin ba a yarda da cuta ko cutarwa ba. A nan ne kuma aka ce bai kamata mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itacen rufi a bangonsa ba, ko da yake alƙali ba zai tilasta shi ba. Da muka zo kan haya sai ya ɗan yi shiru, sannan ya ce a Muhtasar na Halil ba a tilasta wa mai gida gyara. Abin da aka ba ɗan haya zaɓi ne: in aibin mai cutarwa ne, kuma yoyo na cikin misalan da aka kawo, yana iya fita, in ya zauna, zai biya haya cikakke.

Na daɗe ina juya wannan zaɓi. Ta fuskar hankali ba shi da aibi: dukiyar mutum ce, ba a tilasta mishi kashe kuɗi, kai kuma ba a ɗaure ka ba. Amma a gaya mini inda bazawara mai ƴaƴa huɗu da buhun gyaɗa takwas za ta nufa a tsakiyar Agusta, a garin da sabon mai gida zai nemi kuɗin wata uku a gaba, ga na dillali. Dokar Faransa kuma, da duk tsabtarta, takarda take so, mu kuwa ba mu da ko guntuwa. Da baki aka yi cinikin ɗakin tun zamanin Alhaji. Kuma wanda ya kai mai gida ƙara ya san ko ya ci shari'a, wa'adin tashi yana nan tafe. Littattafan biyu sun san wanda ya kamata ya biya ko ya haƙura. Babu ɗaya a cikinsu da zai zo ya riƙe tsani.

Dangin Mama ƴan Tibiri ne, kilomita kaɗan daga Maradi, inda Sarkin Gobir yake. A gidan kakanninmu rufin ƙasa ne: itace, sai zana ko kara, sai a zuba ƙasa a daɓe. Irin wannan rufi ba ya yafe sakaci ko na shekara ɗaya. Kafin ruwan farko dole a hau, a cike tsaga, a tuge ciyawa, a gyara bakin indararo, a sake yaɓe. Kakata takan ce a zamaninsu ba a taɓa tambayar na wa ne ba: "Da bazara ta yi, maigida ya ce gobe yaɓe, sai anka tashi duka." Ga "anka" ta Gobirawa, ita ma mutum na huɗu ce, amma a bakin kakata cike take da mutane, tana iya lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda yake faɗin rana, akwai gandu da ake ci daga rumbu ɗaya, kuma wanda ya noƙe da safe zai haɗu da maigida da dare a gaban akushi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a lokacin an san hannuwan wa da wa ake nufi.

Kar dai wani ya ɗauka ina kukan a koma jiya. Ruwan kwaɓin nan mata da ƴanmata ne suke ɗaukowa daga rijiya tun asuba, ba wanda ya tambaye su ko suna so. Kuma tsarin ya riga ya tsage a Tibirin ma. Bayan rasuwar kakana, wani kawuna da ya samu kuɗi a Libiya ya ɗaga bangon sashensa ya sa tol. Ya huta da yaɓe har abada, amma tol ba ya shan ruwa ko kaɗan, duk abin da ya sauka a kai sai ya kwararo da ƙarfi, kuma inda yake kwararowa shi ne gindin bangon ƙasa na ƙanensa. Shekara biyu ba su gaisa ba. Uwa ɗaya uba ɗaya. Da ƙyar dattawa suka sa aka yi magudana ta karkatar da ruwan zuwa titi, wato abin da aya ta 681 ta ce, ko da yake babu wanda ya taɓa jin labarinta a zauren.

Inda na ga an kusa kama bakin zaren shi ne Jiratawa, kuma ba a kan rufi ba. Can kudu da Maradi akwai filin noman rani da hukumar ONAHA take kula da shi tare da ƙungiyar manoma. Injina ne suke jawo ruwa daga ƙasa, ya bi magudanai zuwa gonaki. Mijin yayata yana da ɗan fili a can, yana zogale da barkono. Magudanar nan da rufinmu ɗan'uwan juna ne: abu ɗaya ne dogo da ya bi ta kan mutane da yawa, kuma in ya fashe a wurin wani, wani ne daban yake ji a jikinsa, wanda yake can ƙarshe. Bambancin shi ne a Jiratawa an san cewa abin zai lalace tun bai lalace ba. Kowace kaka akwai kuɗin da manomi yake biya na wuta da gyara, akwai shugabannin rukuni da aka zaɓa, akwai ranar yashe magudana, kuma wanda ya ƙi biya yana iya rasa filinsa. Suna rigima, sosai ma. Mijin yayata ba ya zama minti biyar bai yi ƙorafin bashi da lalacewar inji ba. Amma in yana ƙorafi sunaye yake kira. Bai taɓa ce mini "ya kamata a gyara" ba.

Daminar 2024 ce ta kawo ƙarshen ladabi a gidanmu. Kowa ya san abin da ya faru. A ƙarshen Agusta an yi ruwa a Maradi wanda ya mayar da tituna gulabe, gidaje suka faɗi, aka rasa rayuka. A ƙasa baki ɗaya mutanen da suka mutu a daminar sun kusa 400, kuma jihar Maradi ta fi kowace jiha shan wuya. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Damagaram na ƙasa ya rushe. Gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da yawa cike suke da waɗanda suka rasa muhalli. Da yawa daga cikin mamatan ba kogi ne ya tafi da su ba, bango ne ya faɗo musu, bangon da ya sha ruwa ta sama da ta ƙasa har ya gaji.

A daren babban ruwan silin falonmu ya ɓalle. Buhu uku suka jiƙe. Da gari ya waye sai muka ga shafen siman na bangon baya ya buɗe baki tun daga ɗakinmu har na tela, ka sa hannu ka ji ƙasa ta zama kunu. Tela da ya ce ba ya gyaruwa shi ya fara fitar da keken ɗinkinsa tsakar gida. Sati biyu ƴaƴansa da ƙannena suna kwana a ɗakin tsoho mai gadi, can ɗaya ƙarshen, domin ba wanda ya yarda ya kwantar da yaro kusa da bangon nan.

Gyaran wucin gadi samarin suka yi, su da suka ce nasu lafiya lau. Suka narkar da farin soson kwalin talabijin a cikin fetur ya zama danƙo, suka liƙe ramukan, suka yashe indararo, suka shimfiɗa leda suka danne da duwatsu. Wannan ya kai mu kaka. Babban aikin kuwa mata ne suka ɗauko. Dama suna da adashi na mako-mako, Mama ce uwar adashi. Ranar wani zubi ta ce musu, ina zaune ina ji: "Kwasar watan gobe da ta jibi ba ta kowa ba ce, ta tol ce. Ni zan kira kahinta, ke ki riƙe kuɗɗin, ke kuma ki gaya ma Mushe ramunan shi huɗu ne." Matar Mushe ta sunkuyar da kai ta yi dariya, ta ce ta ji. Na duba abin da na rubuta daga baya, babu "a" ko ɗaya a maganar.

Ni aka ba aikin takarda, tunda ni ce ƴar jami'a. Mama da tsoho mai gadi suka je wurin mai unguwa, aka kira wakili. A Nijar doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhu a irin waɗannan rigingimu, kuma mutum ya fi jin nauyin ƙin zuwa zauren mai unguwa fiye da ƙin amsa waya. Tsohon ya ce: "Ranka ya daɗe, ba mu zo ƙara ba. Mun zo a shaida muna za mu ranta ma masu gida kuɗɗi." Na ji daɗin wannan kalma, ranta, domin ita ce gaskiyar lamarin. A ganina rufi da bango na mai gida ne, ko magada ɗari ne. Abin da yake sayar mana kowane wata inuwa ce da bushewa, in babu su ban san kuɗin me yake karɓa ba. Ɗan haya da ya huda ya biya hudarsa. Abin da sauran suka zuba kuwa taimako ne na gaggawa, kuma in ba a rubuta shi bashi ba, gobe zai zama al'ada, a wayi gari ƴan haya ne suke gina wa magada gida. Aka amince a riƙa cire wani abu daga hayar kowa har wata shida. Na rubuta da Hausa da Faransanci, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, mai unguwa ya buga hatimi.

Ba kowa ya shiga ba. Ma'aikaciyar asibiti ta ce ita ana iya yi mata canjin wurin aiki kowane lokaci, ba za ta ba da bashin da sai ta zauna wata shida kafin ya dawo ba. Mutanen gidan sun ji haushi, wasu har yau gaisuwarsu da ita a taƙaice take. Ni ban iya ganin laifinta sosai ba, domin lissafinta daidai ne, kuma ba ita ta ƙi raba gado ba. Sai dai rufin da aka gyara ya bi ta kanta ita ma, kuma babu yadda za a yi a cire ta daga ƙarƙashinsa.

An yi aikin a watan Mayu na 2025, ana tsakiyar zafi. Siman ya ɗan yi sauƙi, tunda gwamnati ta rage farashinsa bayan ambaliyar, amma tol da katako ba su san da wannan ba. Kafinta ya sauya falle tara, maso ya fasa shafen baya ya sake ɗaure bangon, aka ƙara indararo biyu. Mushe ya biya kuɗin falle biyu ba tare da ya taɓa furta dalili ba, aka maida kwandonsa jikin bango. Da wata shidan suka cika, wakili ya zo da saƙo daga magada cewa tunda gida ya gyaru, an ƙara wa kowace ƙofa jika 2.

Tsofaffin fallayen tara kuma suna nan jingine bayan makewayi. Wakili ya ce na masu gida ne, tunda daga rufinsu aka cire. Tela ya ce na waɗanda suka sayi sababbi ne. Mama tana son uku ta yi rumfar suya, samarin suna son biyu su kare baburansu daga rana, kuma wani mai sayen ƙarfe ya riga ya zo sau biyu yana taya su a kilo. Da na yi waya gida makon jiya, ƙanwata ta ce mini falle bakwai suka rage.